Bututun Ɗan Fari

Ni Marka, in aka ce a nuna mace mai baki a kasuwar Ƙarfi, ba a wuce rumfata. Na taɓa tare mai karɓar kuɗin kasuwa har ya manta abin da ya kawo shi. Na taɓa wanke direban mota tas a tasha, har fasinjojinsa suka sauko suna ba ni haƙuri. Amma duk bakin nan nawa, akwai mutum ɗaya a duniya da ban taɓa iya ce masa ko "matsa" ba. Ɗana ne na fari.

Haka muka taso muka tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a haɗa ido da shi, ba a yi masa magana kai tsaye. Kakarsa ce ta ɗauke shi tun yaye. Ni kuwa da yake komai sai nawa ya fi na kowa, na riƙe kunyar nan har matan unguwarmu suna yi wa 'ya'yansu misali da ni. "Wancan" nake ce masa. Wancan ya ci abinci? Wancan ya dawo daga gona? Har ya yi gemu, ya yi aure, ubansa ya mutu ya bar masa gandu, yana nan a Wancan ɗinsa. Shi ma in zai ambace ni, Tsohuwa yake cewa, yana kallon gefe.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, kamfani ya shigo ƙasarmu da noman taba irin wadda ake gasawa. Wancan yana cikin na farko da suka karɓa. Ya gina ɗakin gashi a bayan gida, dogo, na ƙasa, da 'yar ƙofa wadda sai an durƙusa ake shiga. Murhu yana waje a gindin bango. Daga murhun wani ƙaton bututun ƙarfe ya shiga ɗakin, ya zagaya ta ƙasa, ya fita ta baya ya miƙe sama. Wuta da hayaƙi ta cikin bututun suke bi, ba sa taɓa ganye. Zafin jikin ƙarfen kaɗai ke tashi ya gasa ganyen da aka rataye a sanduna har rufi. In kuwa hayaƙi ya sami hanyar fita a cikin ɗaki, ganye ya yi baƙi, ya yi ƙauri, kamfani ba ya saye.

Gashi ɗaya kusan mako yake ci, wuta ba ta mutuwa. Yusufu, ƙanen Wancan, ya ɗauki kwana. Da rana kuwa maza suna gona wajen tsinkar ganye, aka rasa mai zama. Sai ga Hansai, matar Wancan, ta zo ta durƙusa ta ce Inna, wai maigida ya ce duk ƙasar nan ba wanda ya san wuta kamar ki, ke da kika tsufa kina dafa kalwa. To ku ji abin da ya ci ni. Yabo ne. Kaina ya yi girma, na kife tukunyar daddawa, na gyara ɗaurin zane, na nufi murhu ina rangaji sai ka ce an naɗa ni sarauta.

Malamin taba na kamfani, Malam Bitrus, ɗan mishan ne, a keke yake zuwa daga Malumfashi. Shi ya rataye ɗan gilashin awon zafi a tsakiyar ɗakin. Da ya ga ban san lamba ba, sai ya ɗaura masa zare a wurare: fari inda zafi zai tsaya har ganye ya yi rawaya, baƙi inda ganyen zai bushe, ja can sama inda jijiyar ganye take bushewa. Ya zaunar da mu duka ya yi mana karatun bututu. Kafin a rataye ganye, a ƙona yayi a murhu, a shiga ɗaki a duba ko hayaƙi na fita ta mahaɗa. A riƙa ƙwanƙwasa ƙarfen da sanda, inda ya yi ƙarar gwangwani wuta ta cinye shi ke nan. A kankare kunkunniyar da ke taruwa a ciki. A ɗaga wuta a hankali, a sauke ta a hankali. Ya ce gaɓar bututun da ke kusa da murhu ita ke fara mutuwa, in ta mutu ba ta da magani sai sabuwa. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada a kuskura a taɓa ƙarfe mai zafi da abu mai lema. Na haddace su tsaf, har ina biya wa mata a bakin rijiya, ba wadda ta tambaye ni.

Damina biyu muka yi lafiya. Ganyenmu yana fita ja-wur mai kyau, Wancan ya fara sa hula mai tsada. A damina ta uku, wata safiya na shiga duba gilashi, sai na ji idona yana yaji. Na duƙa na duba. Daidai inda bututu ya shigo daga murhu, ƙarfe ya tsage, hayaƙi yana fita siriri. Na ƙwanƙwasa da sanda yadda malam ya koya. Gwangwani.

Na kira Hansai na ce ta faɗa wa Wancan gaɓar gaba ta mutu. Da yamma na tambaye ta, ta ce ya dawo a gajiye, ba ta so ta ɓata masa rai. Washegari ta faɗa, amma da na bincika, cewa ta yi wai Inna ta ce bututu yana ɗan so a duba. Ɗan so. Amsa ta dawo mini ta hanyar da ta tafi: a kwaɓa laka da kashin shanu a liƙe wurin, ai ko rumbu in ya tsage haka ake masa.

Na san rumbu daban, ƙarfe daban. Na san abin da malam ya ce game da lema. Amma ganye yana rataye, wuta tana ci, in na bari hayaƙi ya taɓa shi a ce Marka ta tsufa ba ta iya wuta ba. Wannan kuwa ba zan iya ji ba. Na kwaɓa laka, na rarrafa ciki, na kai fuskata dab da ƙarfe don in ga tsagar, na mulka. Laka ta yi cuu, tururi da hayaƙi suka bugi idona. Tsaga ta rufe. Na fito ina hawaye ina yaba wa kaina.

Lakar ba ta kwana biyu. Zafi ya busar da ita ta faɗi, a sake. Daga baya kullum ne. Daga baya safe da yamma. Yusufu in ya ga hayaƙi a nasa zaman, ba ya shiga, sai ya rage wuta ya jira gari ya waye ya ce Inna, hannunki ya fi zama. Ni kuma in washe baki.

Idona ya yi ja ya ƙi washewa. Da safe sai na jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin ya buɗe. Kaina yana sarawa duk lokacin da na fito daga ɗakin, wani lokaci sai na zauna ƙasa jiri ya wuce. Ni idon nan shi ne ƙafata. Da shi nake tsince tsakuwa a kalwa, da shi nake kaɗi, da shi nake bin hanyar Ƙarfi ni kaɗai da tallata a ka, in sayar in sayi gishirina da gorona, ban roƙi kowa ba. Ranar da na fara ganin zaren gilashi biyu-biyu, tsoro ya kama ni sosai.

Na sami Yusufu. Shi ba ɗan fari ba ne, ina iya zaginsa har ya ƙoshi, kuma na zage shi. Ya sunkuyar da kai ya ce Inna, gandu a hannun Yaya yake, in ya yi magana sai a ce yana neman raba gida. Ya ce in yi haƙuri, zai nemi lokacin da Yaya ke cikin nishaɗi. Har yau nishaɗin bai zo ba.

Da labarin jan idon ya kai wa Wancan, ya aiko Hansai da tandun kwalli sabo daga Funtua. Ta ce wai ya ce idon tsufa dama ruwa yake yi, kuma mata tun kaka da kakanni a cikin hayaƙi suke tuƙa tuwo, ba wadda ta makance. Na karɓi kwalli. Har na nuna wa maƙwabta, na ce ku ga abin da Wancan ya sayo mini.

Na sa rai da Malam Bitrus. Na ce shi ba ya kunyar kowa, in ya gani zai yi magana. Ashe Wancan ya riga ni lissafi. Ana gobe malam zai zo, ɗaki ba ganye, ya sa aka mulke gaɓar da laka mai kauri aka shafe da toka har ta saje da ƙarfe. Malam ya zo a gaggauce, ɗakuna da yawa suna jiransa. Duk da haka ya ƙwanƙwasa, ya tsaya, ya ƙara ƙwanƙwasawa. Ya ce wa Wancan wannan gaɓa ta gama aiki, a canza ta kafin a sake hura wuta. Wancan ya ce in Allah ya so, ai har ya yi wa mai kawowa magana. Malam ya juyo ya dubi idona ya ce, "Inna, me ya sami idonki haka?"

Wancan yana tsaye a wurin. In na faɗi gaskiya, na yi ƙarar ɗan fari a gaban baƙo, a gabansa. Na ja mayafi na ce, "Barkono ne, malam." Ya ce in riƙa wanke hannu. Ya hau kekensa ya tafi.

Bayan kwana kaɗan, ina zaune a bakin murhu, sai ga jakuna da kaya daga titin mota. Bututu ne sababbi, baƙaƙe, suna sheƙi har ni mai jan ido na gani. Wallahi ban san lokacin da na miƙe na rangaɗa guɗa ba. Na yi ta sa albarka ina cewa Wancan ya ji, Wancan ɗan halak ne. Mata suka leƙo ta katanga suna taya ni murna. Jakuna suka zo, suka wuce ni, suka wuce ɗakin gashi, suka tsaya can gaba inda aka fara haƙa. Ɗaki na biyu Wancan zai gina. Hansai ta ce wai ya ce tsohon bututun yana aiki, tunda Tsohuwa tana kula da shi. Na koma na zauna, na ƙara itace.

A ranar na ce yau sai na yi magana, ko da ƙasa za ta tsage. Da la'asar na same shi a inuwar ɗorawa yana gyaran sandunan rataya. Na tsaya a bayansa. Na buɗe baki, ni Marka ta kasuwar Ƙarfi, harshe ya ƙi. Akwai wata akuyarmu ja ɗaure a gindin bishiyar tana tuƙa. Sai na juya wurinta.

"Ke akuya," na ce, "in kin ga mai ɗakin gashi, ki ce masa bututunsa ya mutu. Ki ce masa idon mai liƙe shi yana ƙarewa."

Hannunsa ya tsaya a kan sanda. Na ga ƙeyarsa ta motsa. Na ɗauka zai juyo. Sai shi ma ya dubi akuya.

"Akuya, ki ce wa Tsohuwa ta ƙara haƙuri. Saura kaɗan ganye ya ƙare. In an gama sayarwa za a duba."

Akuya ta dube ni, ta dube shi, ta ci gaba da tuƙa. Duk cikinmu ita kaɗai ce ba ta yi abin kunya ba. Na juya na tafi kwaɓa laka.

Abin ya faru a gashin da ya biyo baya, da hantsi, ranar da ake kai zafi ga jan zare. A ranar ne wuta ta fi ƙarfi, gaɓar gaba har ja take yi. Na leƙa na ga lakar jiya ta zube, hayaƙi yana murɗawa sama wajen ganye. Daidai shi ne a janye wuta a bar ƙarfe ya huce, amma in an yi haka jijiya ba ta bushe ba, gashin ya lalace. Na ɗebi laka, ta ma fi ta kullum ruwa don sauri nake yi. Na rarrafa. Ba na iya ganin tsagar daga nesa, sai da na kai fuska har gashin girata yana ƙauri. Na danna laka.

Ƙarfen ya rufta a ƙarƙashin hannuna. Wuta da toka da garwashi suka fito gaba ɗaya suka same ni a fuska.

Ban san yadda na sami ƙofa ba. Na dai san na fito da rarrafe ina lalube, na ji ƙafafun maza suna gudu daga gona. Na ji muryar Wancan a kaina, kusa sosai. Cewa yake a janye wuta, a buɗe saman ɗaki, ganye, ganye. Hansai ce ta jawo ni gefe ta kwara mini ruwan tulu. Sai da aka gama da murhu sannan aka nemi abin da za a kai ni titi.

Na daɗe a asibiti a Malumfashi. Likita ya yi iya yinsa. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama yana bambanta rana da inuwa, in mutum ya tsaya a gabana ina sanin akwai abu, ban san ko mutum ne ko turmi ba. Likitan ya tambaya ta bakin tafinta me ya sa ba a kawo ni tun idon yana ja ba. Na ce muna ta aiki.

Ranar da aka dawo da ni, Yusufu ya riƙe hannuna muka bi ta bayan gida. Na ji wuta tana ci a tsohon murhu, lafiya lau, ba ƙauri ko kaɗan. Na tambaya. Ya faɗa mini. Gashin ranar nan hayaƙi ya cinye shi, kamfani ya ƙi karɓa ko ganye ɗaya. Washegari da sassafe Wancan ya hau mota zuwa Funtua, kafin la'asar ya dawo da sabuwar gaɓa. Ashe duk watannin nan tana can a rumfar maƙera tana jira. Na ce ina ya sami kuɗi, shi da ake jira a gama sayarwa? Yusufu ya ce jar akuyar nan aka kai kasuwa. Na yi dariya har tabon fuskata ya yi zafi. Ashe dai ta isar da saƙo.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya. An shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, mata a kewaye da ni, dattawa a bakin zaure tare da Wancan. Kunnena ya ƙara kaifi tun da ido ya tafi, duk abin da ake faɗa a zaure ina ji. Wani dattijo ya tambaye shi yadda aka yi. Wancan ya yi ajiyar zuciya ya ce ƙaddara ce. Ya ce kun san Tsohuwa da son aiki, ba a iya hana ta. Ya ce malam ma ya gargaɗe su kada a sa lema a ƙarfe mai zafi, ita ta sani. Sannan ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne, da ta faɗa masa abin ya kai haka, ai da ya canza tun tuni, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗa masa ba. Dattawa suka ce haka ne, Marka akwai kunya.

Gaskiyarsa. Hansai na faɗa wa, Yusufu na faɗa wa, akuya na faɗa wa. Shi ban faɗa masa ba.

Na dafa ƙasa na gyara zama. Na juya fuskata inda muryarsa take. Ba na ganinsa, sai na ji abin ba wuya ko kaɗan.

"Gwadabe."

Na ji wata ta saki ludayi a ƙwarya.

"Gwadabe, da kai nake. Bututunka ya mutu. Hayaƙi yana fita, yana cin idona. Ka canza shi. To, yau na faɗa maka."

Ba wanda ya motsa. Can na ji takalmansa sun bar zaure sun yi waje. Mata suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Kafin kasuwar Ƙarfi ta sake ci, labari ya kai har Maska. Ba labarin bututu ba, wannan ba wanda ya ɗauka. Labarin Marka ne, wadda ta kira sunan ɗan farinta gatsal a gaban dattawa. Waɗansu suka ce wutar ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Waɗansu suka ce dama can kunyar ta ganin ido ce. Matan da suke yi wa 'ya'yansu misali da ni har yanzu suna yi, sai dai misalin ya juya. Wata ƙawata ta zo takanas ta ce in nemi gafararsa, na tozarta shi, yaro mai ɗakin gashi biyu.

Tukunyar daddawa tana nan a kife, kaji suna kwana a bayanta. Rumfata a kasuwa wata ta gaje ta. Ɗakunan gashi biyu suna aiki, an ɗauko ɗan ƙodago daga Dandume yana zaman rana, shi kuwa ranar farko ya ce ba ya shiga ɗaki mai hayaƙi, aka ce ai gaskiya ne, wa zai sa ɗan mutane.

Ni kuma sunan ya zauna mini a baki. Na yi shekaru ina ɓoyonsa, ashe ba nauyi gare shi. Da safe in na ji tafiyarsa nakan kira. Ba don bututu ba, wannan ya wuce. In ce Gwadabe, zo ka kama hannuna ka kai ni rana. In ce Gwadabe, zo ka faɗa mini ko ganyen bana ya yi kyau. Tafiyar takan tsaya jim kaɗan, sannan ta ci gaba. Bayan ɗan lokaci sai in ji Hansai ta durƙusa kusa da ni.

Rannan na ce mata, wai shi ba ya ji ne? Ta ce yana ji, Inna. Wai ba zai iya amsawa ba ne. Kunyarki yake ji.